LAFARANJI: GANE ASALIN WANI BAƘON TAKOBIN BARADE DA AIKINSA A ƘASAR KARAYE DA ROGO

Gabatarwa

Galibin rubuce-rubucen da aka yi game da yaƙi a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarakuna da tsarin runduna da wuraren da aka gwabza. Su kansu makaman ba a cika tsayawa a dube su a matsayin shaidar tarihi ba, sai dai a jera sunayensu a wuce. Littattafai biyu da suka ɗan cike wannan giɓi, watau na A. D. H. Bivar a kan makamai da sulkunan Arewa, wanda aka buga a 1964, da na Joseph Smaldone a kan yaƙi a Daular Usmaniyya ta Sakkwato, wanda aka buga a 1977, duk da Turanci aka rubuta su, kuma na farkon ya fi dogara ga abin da ke ajiye a fadojin manyan sarakuna, irin su takobin Gajere na Katsina da takobin Bayajida na Daura. Abin da ke rataye a turakar dagaci, ko a ɗakin jikan wani tsohon barde a ƙauye, bai samu irin wannan kulawa ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu ɗauki nau'in takobi guda ɗaya wanda akan gani jefi-jefi a hannun mahaya ranar hawan salla, mu bi shi daki-daki don mu nuna yadda ake gane inda aka ƙera shi, da zamaninsa, da kuma aikin da aka yi shi dominsa. Ruwansa dogo ne, siriri in an gwada shi da takobin da muka saba da shi, yana da 'yar lanƙwasa, kaifinsa ɗaya, bayansa kuwa mai kauri; amma mariƙinsa da kubensa da hamilarsa duk aikin Hausa ne. Masu shi sukan ce na kaka da kakanni ne, an yi jihadi da shi, wani ma ya kai shi can baya da jihadi. Dillalan kayan tarihi kuwa sukan ce wa mai shi tarkacen soja ne na jiya-jiya, domin su raba shi da shi a arha. In aka bi maganar farko ba bincike, an gurɓata tarihin gari. In aka bi ta biyu, gida ya rasa gadonsa. Saboda haka tambayar ba ta masu sha'awar kayan da ba ce kaɗai.

Dalilin zaɓen Karaye da Rogo

Wannan yanki na yammacin Kano bakin iyaka ne tun da daɗewa, Katsina a gefe guda, Zazzau a ɗaya gefen, kuma duk inda iyaka take a zamanin da, to akwai dawaki da makamai. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, watau tsakanin 1618 da 1623, a Karaye ne Kanawa suka tari Katsinawa suka kore su. Haka kuma ya ambaci Wambai Giwa, wanda ya zauna a Karaye yana kai wa Katsinawa hari har ya tara dawaki dubu da mahaya ɗari masu kayan yaƙi, abin da ya sa aka tsorata da ƙarfinsa a birni aka tuɓe shi. A lokacin jihadin da ya fara a 1804, Karaye tana cikin garuruwan da masu jihadi suka ci kafin su karya rundunar Sarki Alwali a Ɗanyaya. Sa'an nan a ƙarshen ƙarni na 19 muna da shaidar Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954. Baba ta tashi ne a kusa da Zarewa, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, kuma ta ba da labarin yadda mayaƙan Mai Sudan suka riƙa faɗa wa ƙauyuka da gonaki suna kama mutane, dangi su bi sawu su fanso su da kuɗi. Ga kuma Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, da zuwan Turawa a 1903.

Ke nan gida ɗaya a wannan ƙasa yana iya jingina takobinsa ga zamani huɗu ko biyar daban-daban, tsakanin na farko da na ƙarshe kuwa akwai kusan shekara 280. Labarin baka shi kaɗai ba zai raba mana gardama ba, domin al'adarsa ce ya ɗauki abin da ya faru a zamanin kaka ya ɗora wa fitaccen sarkin da aka fi tunawa. Dole a tambayi ƙarfen.

Takobin da aka saba da shi

Kafin a ce abu baƙo ne sai an san ɗan gari. Takobin da ya fi yawa a hannun baraden Hausa shi ne miƙaƙƙe mai faɗi mai kaifi biyu, wanda Smaldone ya kawo sunansa da fate-fate. Ɗan'uwan takobin Abzinawa ne: makarin hannunsa ɗan gajeren ƙarfe ne a gicciye wanda akan lulluɓe da fata ko tagulla, bakinsa kuma galibi a zagaye yake, ba tsini sosai. A cikin irinsa akwai tamogashi mai zane uku a tsawon ruwa, da dunhu wanda ba shi da zane ko tambari, da tama wanda shi ne mai arha. Waɗanda suka saɓa wa wannan siffa su ma suna da sunayensu: bisalami ko almulku, da hindi, da hankatilo na Barno, duk masu lanƙwasa, sai kuma lafaranji mai kaifi ɗaya.

Abin lura shi ne, ko shi fate-fate ɗin, da yawa daga cikin ruwansa ba a nan aka ƙera shi ba. Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya tarar ana kawo ruwan takubba ta Bangazi da Barno ana yi musu mariƙi da kube a Kano, ya kuma ɗauka daga tsibirin Malta suke. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen dubu 50 a shekara, mafi yawansu daga garin Solingen na Jamus, daga Kano kuma ake rarraba su ga Abzinawa da Fulani da Nufawa da Barebari. Saboda haka kasancewar ruwa na Turai bai sa takobi ya zama baƙo ba. Maƙeran Solingen sun san kasuwarsu, sun ƙera mata abin da take so, watau miƙaƙƙe mai kaifi biyu. Baƙuntar takobinmu ita ce ba don wannan kasuwa aka yi ruwansa ba. An yi shi ne don wata runduna a wata ƙasa, daga baya ya faɗo hannunmu.

Sunan ma ya faɗi haka. A ganinmu lafaranji daga kalmar Larabci ta al-faranji ya fito, watau na Turawa, kamar yadda al-khabar ta zama labari, al-akhira ta zama lahira. A Indiya ma akwai takobin da ake kira firangi, kuma dalilin sunan ɗaya ne: ruwa na Turai, mariƙi na gida.

Karanta ruwan takobin

Wurin da ya kamata a fara dubawa ba fuskar ruwan ba ce, bayansa ne, daga inda ya fito daga mariƙi zuwa kamar taƙi ɗaya. Gidajen ƙera makamai na gwamnatin Faransa sun saba rubuta sunansu a nan da rubutun hannu mai jirkice, tare da wata da shekarar da aka gama ruwan. Sunaye biyu za a nema. Na farko Klingenthal, wanda aka kafa a 1730 a lardin Alsas. Na biyu Châtellerault, wanda aka kafa a 1819, shi ne kuma ya gaje aikin gwamnati bayan ta janye hannunta daga Klingenthal a 1836. Ko da tsatsa ta cinye shekarar, kalmar da ke gaban sunan garin tana taimakawa, domin takan canja duk lokacin da mulki ya canja a Faransa. A ruwan Châtellerault, in an ga Royale to kafin 1848 ne, zamanin sarakuna. Nationale daga 1848 zuwa 1852. Impériale daga 1852 zuwa 1870, zamanin Nafoliyon na Uku. Bayan nan kuwa sai a rubuta d'Armes kurum. Ba sai mutum ya iya Faransanci ba zai yi wannan aiki, ya isa ya gane siffar kalmomin huɗu.

Dalilin da ya sa muka fara da Faransa shi ne siffar da muka bayyana a gabatarwa ta fi dacewa da takobin sojan doki marasa nauyi na Faransa, samfurin 1822. Tsawon ruwansa santimita 92 ne, watau inci 36 da 'yan kai. Lanƙwasarsa kaɗan ce. A kowace fuska yana da kwarmi biyu, ɗaya mai faɗi wanda ya ɗauki yawancin fuskar, ɗaya siriri wanda ya bi gefen baya. Wannan siririn kwarmi shi ne alamar da ta fi saurin tona asirinsa, domin ko an goge rubutun, ko an rage tsawon, yana nan. An daɗe ƙwarai ana ƙera wannan samfuri, wasu ƙasashe kuma suka kwaikwaye shi, alal misali Amurka a samfurinta na 1840, kuma gidajen Solingen sun ƙera irinsa don sayarwa. Yawansa ya sa tsofaffinsa suka bazu a duniya. Faransawa sun shiga Aljeriya a 1830, suna kuma Sanagal tun kafin nan, sojan dokinsu na Afirka da irinsa suka yi aiki, sa'an nan suka kama Damagaram a 1899. Ke nan yana da ƙofofi fiye da ɗaya na isowa kasuwar Kurmi: ta ayarin Tarabulus da Gadamas da Agadas, ko ta hannun fatake daga yamma, ko daga Damagaram bayan zuwan Faransawa.

To amma kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin akwai waɗansu masu kama da shi. Akwai takobin sojan doki na Ingila samfurin 1796, wanda wani hafsa mai suna John Le Marchant ya tsara. Shi ya fi gajarta, wajen santimita 83, ya fi lanƙwasa, kwarminsa ɗaya mai faɗi, kuma maimakon ya tsuke wajen baki sai ya ƙara faɗi. Wanda ya taɓa ganin su a jere ba zai sake rikita su ba. Akwai kuma hindi da 'yan'uwansa na gabas, waɗanda alhazai da fatake kan kawo. Irin na Farisa lanƙwasarsa mai zurfi ce, galibi ba shi da kwarmi, kuma in an kara shi a haske akan ga wani zane kamar igiyar ruwa a jikin ƙarfen, wanda ba sassaƙa shi aka yi ba, daga narkar ƙarfen ya samu. Rubutun da ke kansa na Larabci ne, a fuskar ruwa, a cikin ɗan da'ira.

In ba rubutu a baya, sai a dubi gindin ruwan, dab da mariƙi, inda ake buga tambari. Tambarin da aka fi gani a takubban ƙasar nan shi ne jinjirin wata mai fuskar mutum, guda biyu a kowace fuska, sai kuma wata dabba mai kama da kare tana gudu, wadda asalinta alamar maƙeran garin Passau ce kafin na Solingen su ɗauke ta. Waɗannan ba su ba da shekara, kuma an kwaikwaye su da yawa a nan Afirka. Waɗanda ke ba da shekara su ne na kamfanoni. Kan sarki mai kambi tambarin gidan Weyersberg ne, kwalkwalin jarumi na gidan Kirschbaum ne, gidajen biyu kuma sun haɗe a 1883; saboda haka duk ruwan da ke ɗauke da tambarin biyu gefe da gefe bai girmi wannan shekara ba. Kayan gwamnatin Ingila kuwa akan buga musu alama mai kama da sawun tsuntsu, watau kibiya mai yatsu uku, tare da ƙananan kambi da lambobi na masu duba aiki.

Akwai wata alama da ta cancanci mu ɗan dakata a kanta, domin tana iya ruɗin ko malami. A gindin takubban hafsoshin Ingila akwai tauraro mai tsini shida, a tsakiyarsa an dasa ɗan ƙaramin faifan tagulla. Bahaushe da ya gan shi zai ce hatimin Annabi Sulaimanu ne, daga nan kuma sai a ce takobin daga Gabas ya zo, ko kuwa an yi masa asiri. Alhali kuwa alama ce ta cewa an gwada ƙarfin ruwan a gidan ƙira, kuma kamfanin Wilkinson na Landan ne ya yi fice da ita. Irin wannan tauraro ne a jikin tsohon kwabo mai huda na zamanin Turawa, ba kuwa wanda ya ce kwabon daga Makka ya zo. Shi Wilkinson daga 1844 ya riƙa buga lamba a bayan takubbansa, yana rubuta lambar a littafi, saboda haka da lambar ana iya gano shekarar, wani lokaci har da sunan hafsan da ya saya.

Daga nan sai a yi lissafi, kuma lissafin yana da ƙa'ida ɗaya: shekarar da ke kan ruwa tana faɗa mana lokacin da takobin ba zai girme shi ba, ba ta faɗa mana lokacin da ya iso Karaye. Ruwa samfurin 1822 ba zai yiwu ya shiga hannun mayaƙan Wambai Giwa ba, akwai shekara 200 a tsakani. Ba zai yiwu an yi jihadi da shi ba. Ko samfurin 1796 na Ingila, wanda shekarunsa suka ba shi damar haka, mu dai ba mu ga hanyarsa ba, domin a lokacin Ingila tana tsakiyar yaƙi da Faransa har 1815, ba lokacin zubar da takubba ba ne. Sai bayan an canja samfurin a 1821 tsofaffin suka yawaita a kasuwa. Amma ruwan da aka rubuta wa 1840 ko 1860 yana da isasshen lokacin da zai tsufa a hannun soja, a sayar da shi, ya ƙetare hamada, ya kuma tarar da hare-haren da Baba ta ba da labari, ko Basasa. Mai gida ya rasa jihadi, amma ya samu zamanin da za a iya tsayawa a kansa.

Saura aikin maƙeranmu. Maƙeran baƙi na Kano da garuruwanta sun ƙera takubba da tama, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma suka samu tsohon ƙarfen Turai, daga baya har da sifirin ɗin mota, wanda yake yin takobi mai kyau. Ana gane aikin hannu da kwarmin da bai miƙe sak ba, da kaurin da bai ragu a hankali daga gindi zuwa baki ba, da tambarin da aka sassaƙa da kurfi maimakon a buga shi da bugu ɗaya. Wani lokaci akan ga haruffan boko da ba su haɗa wata kalma ba, maƙerin ya kwaikwayi siffarsu ne don mai saye yana son ganin rubutu. Ba ma ɗaukar wannan a matsayin aibi. Takobin da aka ƙera a gida shaida ce ta sana'ar gari, wadda ruwan Faransa ba zai taɓa ba mu ba.

Mariƙi da kube

Nan ba sai mun tsawaita ba. Fata ba ta kai ƙarfe rai, don haka kube da hamila akan sabunta su sau da yawa a rayuwar ruwa ɗaya. Ɗinkin keke, da zaren roba, da bakin kube na gorar ruwa ko na gwangwani mai rubutu a ciki, duk suna nuna ƙarni na 20, amma shekarun kuben suke faɗa, ba na ruwan ba. Amfanin kube a wurinmu shi ne ya nuna hannun da ya yi shi, domin dukawan kowane gari suna da irin zanensu da launin da suka fi so, kuma tsofaffin dukawa suna iya ganewa. In kuwa aka tarar da takobin da kubensa na ƙarfe mai zobe, da makarin hannunsa na tagulla mai rassa uku yadda ya fito daga Faransa, to ya kamata a yi zaton bai daɗe yana yawo a kasuwannin Hausa ba, mai yiwuwa kyauta ce, ko ganima, ko tsarabar wani tsohon soja.

Aikin da aka yi shi dominsa

Takobi irin wannan yana da aiki biyu ko uku a rayuwarsa, kuma kuskure ne a haɗe su. Aikinsa na farko shi ne wanda masu tsara shi suka nufa. Sojan doki marasa nauyi a Turai su ne masu leƙen asirin abokan gaba, da kai farmaki a gefe, da bin waɗanda aka kora. Suna bukatar takobin da zai yi sara yayin da doki ke wucewa a guje. Amfanin lanƙwasa ke nan: kaifin yana ja a jikin abin da ya sara maimakon ya dake shi ya tsaya, ta haka yana yanka sosai, kuma ba ya maƙalewa ya fizge daga hannun mahayi. Kaurin baya yana ba ruwan ƙarfi, kwarmi kuwa yana rage nauyi ba tare da rage ƙarfin ba. A nan ya kamata mu gyara wata magana da ake yawan yi, wai kwarmi hanyar jini ce. Ba haka ba ne, dabarar ƙira ce kurum. Shi samfurin 1822 an rage masa lanƙwasa ne da gangan, aka kuma wasa ɗan bayan bakinsa, domin ya yi sara ya kuma yi suka. Gardamar sara da suka ta daɗe a tsakanin sojojin Turai, har Ingila ta yanke ta a samfurinta na 1908, wanda miƙaƙƙe ne siriri, santimita 89, da babban makarin hannu kamar ƙwarya, ba ya wani aiki sai suka. Mahayin yakan miƙe hannunsa ne kurum, gudun doki ya yi sauran.

Aikinsa na biyu ya fara ne ranar da maƙerin Hausa ya cire makarin tagulla ya sa masa mariƙi irin namu. Wannan ba canjin ado ba ne kawai. Tagullar nan mai nauyi ita ce ke daidaita takobin, tana jawo nauyinsa wajen hannu. Da aka cire ta, nauyi ya koma gaba, takobin ya ƙara ƙarfin sara, ya rage saurin juyawa, yatsu kuma suka zauna a fili. Ga sojan Faransa wannan hasara ce, domin da takobinsa yake kare kansa. Ga barden Hausa kuwa ba wata hasara, domin garkuwa ce ke tsare shi, suka kuma aikin mashi ne. Takobi yana fitowa ne in mashi ya tafi, ko an cakuɗe, ko an kori abokan gaba ana binsu. Shi ya sa in aka ga an daddage tsinin an mai da bakin zagayayye kamar na fate-fate, to an mai da shi ɗan gari ke nan, kuma wannan alama ce mai ƙarfi cewa mayaƙi ne ya riƙe shi, ba mai ado ba.

Wane irin mayaƙi? Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi mai kauri yana shanye sara, sulke kuma yana hana kaifi ci, saboda haka siririn takobi mai lanƙwasa ba shi ne maganin ɗan lifidi ba. Maganinsa mashi, ko gatari, ko a kayar da dokin. Inda lafaranji ke da amfani shi ne a kan dakaru da 'yan baka da mahara waɗanda ba su da kayan kariya masu nauyi. A ra'ayinmu wannan ya sa ya fi dacewa da barde mai doki mara kaya, irin wanda zai hau da gaggawa in an yi kururuwa cewa mahara sun kwashi mutane a gona, ya bi su kafin su ƙetare iyaka. Abin sha'awa shi ne wannan bai yi nisa da aikin da Faransawa suka tsara shi dominsa ba tun farko.

Ko an yi yaƙi da wani takobi ko ba a yi ba, kaifinsa ne zai nuna. Rundunonin Turai sukan ba sojansu takubba da dakusasshen kaifi a lokacin zaman lafiya, sai an tashi fita yaƙi a wasa su. Saboda haka ruwan da bakinsa ke nan da kauri yadda ya fito daga gidan ƙira bai yanki kowa ba. Wanda aka daɗe ana wasawa kuwa za a ga ya rame, tazarar da ke tsakanin kaifi da kwarmi ta ragu, musamman a kashi ɗaya bisa uku na wajen baki, inda sara ya fi ci. Giɓin da ke jikin kaifi ba hujja ba ce ita kaɗai, domin yaran gida sun sari itace da takubban kakanninsu fiye da yadda kakannin suka sari mutane. Takobin da aka yi don koyon wasan takobi yana da dakusasshen kaifi da dunƙulallen baki tun daga ƙira. Wanda aka shafe da farin ƙarfe mai ƙyalli, aka zana masa furanni da kambi, na fareti ne.

Aiki na uku shi ne wanda muke gani a yau. Bayan 1903 yaƙi ya ƙare, amma hawa bai ƙare ba, sai ma ya ƙaru. Ban da hawan salla, an yi manyan hawan daba, kamar na Kano a 1925 don Yariman Ingila, da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da na 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata. Kowane hakimi yana bukatar ya fito da mahaya da kayansu, kuma duk takobin da aka samu an rataya. Ta wannan hanya takubba da dama suka shiga gidajen da ba su gaje su ba. Saboda haka in an tambayi mai gida, kada a tsaya ga wa ya yi yaƙi da shi. A tambaye shi wa ya fara hawan salla da shi, a zamanin wane Sarkin Karaye, kuma wa ya yi masa kuben da ke jikinsa. Waɗannan tambayoyi sukan samu amsar da za a iya gwadawa da ta maƙwabta.

Tsatsa da goge-goge

Babban abokin gabar wannan bincike ba tsatsa ba ce, gyaran salla ne. Kowace shekara akan fito da takubba a goge su da yashi ko magagari, a yanzu ma har da injin wasa wuƙa, don su yi ƙyalli. Rubutun bayan ruwan Faransa ba shi da zurfi, guga kaɗan ke shafe shi, in kuwa ya tafi ya tafi da wata da shekara. Tun da Hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ido ya ƙara dawowa kan kayan hawa, na masu gyara da na masu saye. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izni ba, amma doka ba ta hana magagari.

Abin da ya isa shi ne a shafa ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi a goge ruwan, a bar baƙin tsufan da ke jikinsa, kada kuma a ajiye shi cikin kube mai laima da damina. Kada a cire mariƙi don neman tambari a ciki, domin ƙusar da aka dake a ƙarshensa ba ta komawa yadda take. Mai bincike ya auna tsawon ruwa, da faɗinsa a gindi da tsakiya da kusa da baki, da zurfin lanƙwasa, watau ya kwantar da zare daga gindi zuwa baki ya auna tazarar da ke tsakiya. Rubutun baya kuwa ya fi fitowa in an kara shi a hasken safiya daga gefe, ko a ɗora farar takarda a kai a goga fensir a hankali.